Murzuna: faɗa-wutar da ke kwana wata goma a ƙarƙashin gonar gero

Wannan laccar a waya na naɗe ta ranar da aka tara manoma da ɗalibai a makarantar garinmu, wani malamin gona ne ya yi ta, sai na zauna na saurara na rubuto ta yadda ya faɗa, inda hayaniya ta rufe maganar ne kawai na tsallake.

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena dattawa, malamai, ƴan uwa manoma, da ku ɗalibai da kuke can baya, barkanmu da war haka, ina gajiya, ya gida ya iyali. Toh Alhamdulillah.

Kafin nace komai ga wani abu na taho da shi a leda, zangarniyar gero ce ta bara, don Allah a miƙa ta baya kowa ya riƙe ya juya ta a hannunsa. Ku duba da kyau, zaku ga wata hanya ta taso daga can wajen tsinin ta riƙa zagaye zangarniyar tana gangarowa kamar an sa ƙusa an murɗa, duk inda hanyar nan ta bi babu ido ko ɗaya, soshiya ce tsirara, gefe da gefe kuma ga ido nan cike lafiya lau. Waye ya taɓa ganin irin wannan a gonarsa? Toh kun gani, kusan kowa ya ɗaga hannu. Yanzu waye ya taɓa ganin uwar da ta haifi abin da yayi wannan aikin, ya ganta da idonsa ya shaida ta? Babu. Wannan ita ce maganar da ta kawo ni yau.

Tsutsar da ke wannan aika-aika mutanenmu na wajen Maraɗi suna ce mata murzuna, wasu kuma tsutsar kan gero kawai suke cewa. Masu ilimin ƙwari sunan da suka sa mata Heliocheilus albipunctella, wani Bafaranshe ne mai suna de Joannis ya fara rubuta ta a 1925, kuma in kun ci karo da tsofaffin takardun aikin gona zaku ga an rubuta Raghuva, duk ita ce, daga baya aka canza. Uwarta kuwa faɗa-wuta ce, irin ƙwarin nan da ke zuwa su dami fitila da daddare a damina, ka ga suna ta zagaye har su faɗa cikin tuwo.

Da yawa muna ɗauka faɗa-wuta duk abu ɗaya ce, alhali irinsu da aka sani a duniya sun kai wajen 160,000, sun ninka malam-buɗe-littafi sau da yawa, dangi ɗaya ne dai amma akwai bambanci. Shi malam-buɗe-littafi da rana yake yawo, in ya sauka sai ya haɗe fukafukansa sama, ƴan ƙahonninsa biyu kuma suna da ɗan ƙululu a ƙarshe. Ita faɗa-wuta yawanci sai dare, in ta sauka sai ta kwantar da fukafukan a bayanta kamar jinkar ɗaki, jikinta ya fi kauri ga gashi-gashi, in ka kama ta sai ka ga wani gari ya maƙale maka a yatsa kamar toka, toh wannan garin ƙananan ɓawo ne da suka rufe fiffiken, su ne ke ba shi launi. Asu ma da ke cinye mana kaya a adaka ɗan gidansu ne.

Ita wannan tamu ta gero ƙarama ce, in ta buɗe fukafukai gaba ɗaya bata wuce santimita 2 da rabi ba ko ta ɗan ɗara kaɗan, wato kamar gaɓar babban yatsanka. Launinta ƙasa-ƙasa ne mai ɗan ja, irin launin busasshen ganyen gero da ya sha rairayi, shi yasa da rana in ta laɓe a ƙarƙashin ganye ko a gindin kara zaka wuce ta sau goma baka gan ta ba. Alamarta ita ce wasu ƴan ɗige-ɗige farare da suka jeru a fiffiken gaba, ai sunan nan albipunctella ma ma'anarsa kenan, mai fararen ɗigo. Namijin kuma Allah ya yi masa wata halitta ta daban, gefen fiffikensa na gaba yana da ɗan kauri a wani wuri, kusa da wurin kuma akwai wata ƴar taga da babu garin nan a kanta, haske na ratsa ta kamar leda. Da wannan wurin yake yin ƙara.

Eh ƙara, ku saurara. In magariba ta yi duhu ya shiga a cikin watan Agusta, mazan sukan taso su riƙa shawagi ƙasa-ƙasa a cikin gona suna wani ɗan zuuu zuuu, matan kuma su biyo ƙarar. Ni sai da na shekara da shekaru ina aikin nan kafin na je na ji da kunnena, wani dare bayan isha'i muka shiga gona ni da wani ɗalibina da tocila, muka kashe ta muka tsuguna a kunya, sauro na cizonmu raɓa ta jiƙa mana wando, can sai muka fara ji, ba ƙarfi kamar gyare, siririya ce, in iska ta kaɗa ganye ma sai ta ɓace. Da muka haska sai ga su nan biyu uku suna rawa a iska daidai gwiwa. Wallahi jikina yayi sanyi a daren nan, don gonar nan ta wani dattijo ce da na sani, yana gida yana barci yana murna geronsa ya fara fidda kai, abin da zai raba shi da rabin damminsa kuma ga shi nan ana ɗaura masa aure a gabanmu.

Bari na ɗan ratse tunda ɗalibai kullum sai sun tambaye ni me yasa suke faɗa wa fitila. Da ana cewa wai son haske suke, amma a 2024 wasu masu bincike daga Ingila da Amurka sun ɗauki hotonsu da kyamara mai saurin gaske, suka gano cewa ƙwaron dare bayansa yake juya wa wurin da ya fi haske, don a daji sama ce ta fi ƙasa haske ko da daddare, da haka yake gane ina ne sama ina ne ƙasa. In ka kunna masa fitila a gefe sai ya karkata bayansa gare ta, sai ya kama zagaye ya kasa fita. Ruɗewa ce ashe. Kuma irin wannan dangin suna da kunne a ƙirji, da shi suke jin kukan jemage wanda mu bama ji, da sun ji sai su saki jiki su faɗo ƙasa don su tsira. Toh mu koma kan maganarmu.

Ina take zama? Duk inda ake noman gero a wannan ɗamarar tamu ta Sahel, tun daga Senegal da Gambiya da Muritaniya, Mali, Burkina Faso, Nijar, arewacin Najeriya, Chadi har Sudan. Ta fi son jigawa, ƙasar rairayi, kuma zaku ji dalili in mun zo inda take kwana. Da can tana nan amma ba a ɗauke ta wata babbar annoba ba, sai bayan farin nan na 1972 zuwa 1974, wanda iyayenmu da ke zaune a nan gaba sun fi ni saninsa don a jikinsu ya wuce, toh bayan wannan farin ne ta ɓarke, aka fara ganin gonaki ɗungurungum sun lalace, masu bincike a Bambey ta Senegal suka duƙufa a kanta, daga baya cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa ICRISAT da ke Sadore kudu da Yamai da kuma INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, suka ɗora. A shekarar da ta yi muni a Nijar an auna asarar da ta kai kashi 85 cikin 100 a wasu gonaki. Ku lissafa da kanku, mutumin da yake sa ran dami 100 ya tashi da 15, ga iyali ga watanni 12 a gaba.

Yanzu ga rayuwarta, kuma nan nake so kowa ya buɗe kunne don duk laccar nan ce.

Sau ɗaya take haihuwa a shekara, sau ɗaya tak. In ruwan shuka na kirki ya sauka ƙasa ta jiƙu sosai, sai a ƙirga kamar wata guda, toh daga nan iyayen suke fara fitowa daga ƙasa, suna ta fitowa har su yi yawa a cikin Agusta. Ku kuma me geronku yake yi a wannan lokacin? Yayi ciki, ya fara fidda kai. Kun ga ruwan da ya tayar da irin da kuka binne shi ne dai ya tashe ta daga barci, tare suka taso, agogonsu ɗaya. Ita uwar kwananta a duniya bai wuce 5 ko 6 ba, bata cin gero, bata da haƙorin da zata ci shi ma, bakinta siririn tsinke ne a nannaɗe na tsotson ruwan fure, aikinta ɗaya ta sadu da namiji ta zuba ƙwai ta mutu. A ƴan kwanakin nan mace ɗaya tana iya zuba ƙwai har wajen 400, ba a wuri ɗaya ba, nan kaɗan can kaɗan, zangarniya zuwa zangarniya cikin dare.

Kuma tana da zaɓe. Bata son zangarniyar da ta riga ta yi ido, wadda take so ita ce sabuwa wadda kanta ya leƙo daga kube yanzu, tana da taushi, bata gama bununi ba. A can saman tsinin, kamar faɗin yatsu biyu daga ƙarshe, nan take cusa ƙwan a tsakanin gashin da ƴan furannin. Ƙwan ƙanana ne ƙwarai, farare-farare masu ɗan ruwan ɗorawa, in zasu ƙyanƙyashe sai su yi duhu. In kana so ka gan su sai ka lanƙwaso karan a hankali da safe, ka sa babban yatsa ka buɗa gashin tsinin, ka sa ido sosai, zaka gan su maƙale kamar an barbaɗa tsakin gari. Yaro mai kaifin ido ya fi mu saurin gani, ni kam yanzu sai da tabarau.

Kwana 3 zuwa 5 sun ƙyanƙyashe. Jaririyar tsutsar kamar zare take, sai ta huda fure ɗaya ta shige ciki ta cinye cikinsa, ta fito ta shiga na kusa, a wannan lokacin in ka duba zaka ga wasu ƴan fararen ɓarɓashi a jikin zangarniyar, kashinta ne, kuma wannan ita ce alama ta farko da mai gona zai iya gani da ido. Tana ci tana girma tana saɓa kamar maciji, in ta yi ƙwari fure ɗaya ya daina isarta sai ta sauka can gindin furannin, tsakanin soshiya da ido, ta riƙa yanke ƴan sandunan da ke riƙe da su ɗaya bayan ɗaya tana tura kai gaba. Da yake furannin gero a murɗe suke a jikin soshiyar, ita ma sai hanyarta ta murɗe, ga zanen da kuka gani a hannunku. Abin takaicin shi ne wanda take yankewa ya fi wanda take ci yawa nesa ba kusa ba, furen da aka yanke wa gindi yana nan a maƙale na ɗan lokaci yana rufe ta daga rana da tsuntsu, kai kana hango zangarniya cike daga bakin gona, sai iska ta kaɗa ko ka taɓa da hannu ka ga abu na zuba kamar ƙaiƙayi. In guda ɗaya ce a kai da sauƙi, amma in suka kai 4 ko 5 a zangarniya ɗaya sai hanyoyin su haɗe, sai dai ka ɗauki tsinke.

In ta gama girma tsawonta kamar santimita 2 zuwa 2 da rabi, gajera ce mai kauri, launinta ba ɗaya ba, wata ruwan ɗorawa wata kore-kore, da layi mai haske a kowane gefe, in ta kusa sauka sai ta koma ja-ja. Wajen wata guda take yi a kan zangarniya, wani lokaci ya gaza wani lokaci ya ɗara. Daga nan sai ta saki kanta ta faɗo ƙasa, ta tona rairayi ta shige, wata ta tsaya kusa wata ta nutsa kusan taƙi guda in ƙasar mai laushi ce, kun ji dalilin da yasa take son jigawa. A can ciki sai ta dunƙule ta zama wani ɗan kwanso mai santsi launin jan goro, kamar ƙwallon dabino amma bai kai shi girma ba, ba baki ba ƙafa, bata ci bata sha.

Toh a haka zata zauna wata 10 zuwa 11. A yi girbi a ɗaure dammuna a kai rumbu tana nan, Fulani su shigo da shanu su ci kara su tattake gonar tana nan, hunturu ya zo ya wuce, zafin bazara na Afrilu da rairayi ke ƙona tafin ƙafa ya zo tana nan a ƙasa a kwance. Na taɓa ɗaukar ɗalibai cikin watan Maris muka je wata gona da aka yi ɓarna sosai, fili fetal ba ko ɗanyen ganye, muka haƙa rami muka riƙa tankaɗe rairayin da rariya, sai ga su suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Na ɗora guda a tafin hannun wata yarinya nace ta ɗan matsa shi kaɗan, sai gindin ya motsa, ta yi ƙara ta yar. Da rai. Mai gonar yana tsaye yana kallo, yace shi duk zatonsa daga sama take zuwa tare da hadari, ashe a gonarsa take kwana. Ba duka ke kai labari ba, zafi na kashe wasu, tururuwa da sauran ƙwari na cin wasu, amma wanda ya rage ya isa, tunda kun ji yawan ƙwan da mace ɗaya ke zubawa.

Kada ku haɗa ta da tsutsar kara. Waccan ma ƴar faɗa-wuta ce ta dare amma wata iri ce daban, a cikin kara take ci kuma a cikin busasshen kara take yin rani, shi yasa ake cewa a kula da karan da ake danni da shi. Ita murzuna ba ruwanta da kara, ko ka ƙone karan gonarka kaf baka taɓa ta ba.

Toh me za a yi? Abu na farko da kowa ke ruga wa shi ne feshi, ni kuma gaskiya bana ba da wannan shawarar a kan murzuna, kuma zan faɗi dalili. Lokacin da mutum ya ga zanen nan hankalinsa ya tashi ya tafi kasuwa, tsutsar ta riga ta girma ta shige ƙarƙashin fure inda magani baya kai mata sosai, wata ma ta riga ta sauka ƙasa, ramin banza kake fesa wa. Ga gero ya fi mutum tsawo, kana fesawa sama yana dawo maka a fuska da ido, na ga yaron da aka kwantar saboda haka, an ba shi magani a kwalbar da ko rubutu babu, ba takunkumi ba komai. Ga kuɗin, gero ba auduga ba ne da zai biya maka kuɗin magani. Sannan babban abin, kana kashe mai taimakonka.

Don tana da maƙiyi, kuma a gonakinmu yake tun fil azal. Kun san zanzaro mai ginin laka a bangon ɗaki, yadda yake kamo tsutsa ya harbe ta ta sandare ya cusa a gininsa don ƴaƴansa su ci? Toh akwai wani ɗan uwansa ƙarami ƙwarai, bai kai ƙwayar shinkafa ba, sunansa Habrobracon hebetor, baya harbin mutum. Macen tana bin hanyar nan ta cikin zangarniya har ta iske murzuna, ta harbe ta ta shanye mata jiki, ta zuba ƙwanta a jikinta, ƴaƴan su fito su tsotse ta sai fata, cikin kwana 10 ko kusa da haka sun zama manya sun tashi neman wata. In ka buɗa hanyar ka ga tsutsa ta yi baƙi ta yamushe ga wasu ƴan fararen ƙunshi kamar auduga a gefenta, toh ka gode wa Allah, aikinsa ne. Matsalarsa ɗaya, rani na ragargaza shi, sai damina ta yi nisa yake yawa, lokacin an riga an yi ɓarnar.

Shi ne masu bincike na INRAN a Maraɗi da takwarorinsu na Burkina Faso da Mali suka ce toh me zai hana mu kiwata shi mu sake shi da wuri. Daga wajen 2006 aka faɗaɗa aikin, cikin waɗanda suka yi fice a kai akwai Farfesa Ibrahim Baoua na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da Dakta Malick Ba. Dabarar kuma ba wata na'ura a ciki. Ɗan ƙaramin buhun algarara ne, a zuba tsabar gero da ɗan gari, a sa tsutsa 25 ta wata faɗa-wutar da ke cin hatsi a rumbu wadda ita tana da sauƙin kiwo, a sa matan zanzaron nan guda 2 da suka riga suka sadu da maza, a ɗaure baki. Bayan kamar kwana 8 ƴaƴa su fara fitowa ta ƙofofin saƙar buhun, buhu ɗaya ya ba da wajen 60 zuwa 70. Buhu 15 ake kai wa gari ɗaya, 3 a tsakiya, 3 gabas 3 yamma 3 kudu 3 arewa, a rataye a bishiya ko a jikin rumbu inda ruwa ba zai jiƙa su ba, daidai lokacin da gero ya fara fidda kai. Su kuma su bazu su hayayyafa, tunda kafin murzuna ta yi zuriya ɗaya su sun yi da yawa. A garuruwan da aka gwada an ga sun kashe har wajen kashi 80 cikin 100 na tsutsar, an kuma auna ƙarin amfanin da ya kai kashi 34 cikin 100.

Amma ku lura, zanzaro bai san iyakar gona ba, in ka saya ka rataye har maƙwabcinka zai amfana, in maƙwabcinka yayi feshi kuma naka zai kashe. Don haka abin na gari ne, sai mai gari da limami da ƙungiyar manoma sun zauna an yi karo-karo an kuma yarda ba mai feshi a makonnin nan. Ku kuma matasa, kiwon nan a ɗaki ɗaya ake yinsa da robobi da gero, a Nijar akwai ƙungiyoyi har da na mata da suka koya suna sayarwa, ni ban ga abin da zai hana a yi a nan ba, kuma raina na ɓaci duk shekarar da Agusta ta zo ta wuce bamu yi ba.

Nan aka ba da dama a yi tambaya. Wani dattijo a sahun gaba yace, Malam, mu mun lura maiwa bata cika yin wannan ciwon ba, ko me ya sa?

Baba, Allah ya ƙara girma, lurarku daidai ce. Maiwa tana jinkirin fidda kai, kafin ta fito iyayen nan sun gama kwanakinsu sun mutu, babu mai zuba mata ƙwai. Geron da kansa ya fito daidai lokacin da suka fi yawa shi ke shan wahala, musamman wanda ya riga na kowa fitowa a unguwa, duk sai su taru a kansa. Shi yasa in gari ya yi shuka tare ya fidda kai tare abin yakan rarrabu. Haka kuma gero mai matsattsen kai ya fi mai sako-sako tsira, don tsutsar na shan wuyar kutsawa. Amma Baba ba zan ce muku ku jinkirta shuka don gudun murzuna ba, kun fi ni sanin halin ruwanmu, yana iya ɗaukewa a Satumba a yi biyu babu.

Wani matashi yace, toh tunda a ƙasa take kwana me zai hana a yi kaftu bayan girbi a tono ta?

Yana taimakawa, in ka juya ƙasa kwanson ya fito sarari rana da tsuntsaye da tururuwa zasu gama da da yawa. Sai dai ka tuna jigawa ce, in ka birkice ta a farkon rani ka bar ta tsirara iskar hunturu da guguwar bazara zasu kwashe maka saman ƙasar, wanda shi ne abincin gonar, ga kuma na gonar maƙwabci da bai yi ba zasu taso su zo maka tunda fiffike gare su. In ƙasarka mai ɗan nauyi ce kuma kuna da yawa da zaku yi, bismillah.

Sai wata baiwar Allah daga ɓangaren mata tace, Malam, ita ce wadda ke cinye mana masara a bayan gida?

A'a Hajiya, waccan baƙuwa ce, daga nahiyar Amurka ta zo, a 2016 aka fara tabbatar da ita a Najeriya. Ita ma uwarta faɗa-wuta ce ta dare, amma ta fi wannan girma, a kan ganye take zuba ƙwai a dunƙule ta rufe da gashi, tsutsar kuma cikin kuben masara take shiga, in kika duba goshinta zaki ga zane kamar baƙin Y a kife, ga ɗigo 4 baƙaƙe a wajen gindi. Waccan bata barcin rani, muddin akwai ɗanyen abu haihuwa take ta yi, shi yasa masu noman rani a fadama suke fama da ita. Ki duba kuben da sassafe, in kin ga kashi kamar dusa ki sa hannu ki ciro ta, a masarar bayan gida wannan ya fi komai.

Wanda zangarniyar nan take hannunsa a miƙo min ita don Allah, gobe zan kai ta wani garin. Duk mai so kuma, in gero ya fara leƙowa bana ya zo ya same ni mu shiga gona tare da safe na nuna masa ƙwan, sai ya taho da yaro mai ido.

Daga nan aka kira la'asar, aka yi addu'a aka tashi.